Na'ura Ba Ta Rantsuwa

A shekarar 2023 wata kotu a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ce ta ƙirƙiro musu. To idan lauyoyi sun ruɗu, ina ga ke da kike tambayar waya rabon gadonki? Na'ura tana iya taya alƙali lissafi, amma ba ta rantsuwa, kuma ba ita za a tsayar ranar ƙiyama ba. Hadisin Buraida ya nuna mai hukunci bisa jahilci ɗan wuta ne. Kafin ki dangwala a takardar rabon gona, 'yar uwa, je ki kotun shari'a a nan Ɗanbatta, a zauna da shaidu.