Kuɗin Haya Hakki Ne, Amma Korar Ɗan Haya Tana Da Ladabi

Tun da Birnin Kebbi ta zama hedikwatar jiha a 1991, ba da haya ya zama sana'a. Da yawa mazajenmu na da ɗakunan haya a Badariya ko Gesse, wasunmu kuma gado suka ci.

To, kuɗin haya bashi ne. Mai hali da ke ja wa mai gida rai azzalumi ne, haka ya tabbata a Bukhari da Muslim. Amma wanda ya gaza fa? Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jira shi har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi lada. Manomin shinkafa na Argungu da ambaliyar 2020 ta cinye gonarsa, da me zai biya a shekarar?

Cire ƙofa, ko kwance kwano ana tsakiyar damina, ko watso kayan matar aure kan titi, wallahi ba tarbiyyar Musulunci ba ce. In abin ya ƙi, a ba shi wa'adi, a je wurin mai unguwa, sannan alƙali.

Ke kuma uwargida mai zuga Alhaji da dare wai a fitar da su, ki ji tsoron Allah. Ki roƙa masu ko wata uku ne.