Tangaran Mai Son Gauraye

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi turken wutar lantarki zai ga wasu kofuna na tangaran da wayoyi ke ɗaure a jikinsu. An sa su ne don tangaran ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa. Shi ya sa masana suka sha mamaki a 1986, lokacin da Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurich a Suwizalan, suka gasa wani baƙin tangaran da wuta ke ratsawa ba tare da ko ɗigon turjiya ba, muddin an sanyaya shi zuwa wajen digiri 238 ƙasa da sifiri. Shekara na zagayowa aka ba su kyautar Nobel. A 1987 ɗin kuma Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka suka haɗa wani da ke yin haka a digiri 180 ƙasa da sifiri, sanyin da ruwan naitirojin mai araha ke iya bayarwa.

Abin lura shi ne, tsantsar tangaran ɗin su Bednorz ba ta tsinana komai. Haɗin lantanom da jan ƙarfe da oksijin, in an bar shi zalla, toshe wuta yake yi. Sai an cire ɗan lantanom an zuba bariyom ko sitirontiyom a gurbinsa, wato sai an gurɓata shi da gangan, sannan hanya ke buɗewa. Mu da muka saba ɗaukar zalla a matsayin mafi daraja, nan sai mu ɗan yi shiru.

Amma gaurayen ma da awo. Kamar kanwa ce a tukunyar wake: kaɗan ta nunar, ta yi yawa ta ɓata girki. A haɗin sitirontiyom, abin ya fi kyau idan an sa kusan ƙwaya 15 ga kowace ƙwayar jan ƙarfe 100. A ninka haka, baiwar barin wuta ta ratsa ba turjiya ta tafi, ya koma kamar ƙarfen gama-gari.

Inda ya fi ba ni sha'awa shi ne tsakiyar hanya. Mai hankali zai ce ai sannu a hankali ake hawa har ƙololuwa, sannan a gangaro. Haɗin bariyom bai yarda ba. A 1988 aka gano a ɗakin binciken Brookhaven cewa idan bariyom ya kai daidai ɗaya ga kowane jan ƙarfe takwas, baiwar na kusan ɓacewa, alhali a ɗan rage ko a ɗan ƙara, sai ta dawo. A 1995 John Tranquada da abokan aikinsa suka hango dalili a wani ɗan'uwan haɗin: a wannan awon, cajin lantarkin kan jeru layi-layi ya kafe a wuri ɗaya. Har yau masana na jayayya kan ko layukan nan kishiyoyin baiwar ne ko abokan tafiyarta.