HAƘƘIN HANYA TSAKANIN MAI KEKE DA MAI MOTA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata rigima wadda kullum a ke yin ta a gaban idonmu, amma ba safai mu kan ɗauke ta a kan al'amarin addini ba, watau rigimar masu keke da masu mota a kan titi. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Nassarawa a Kano, ko a Kwangila a Zariya, da hantsi ko da la'asar sakaliya, zai ga yadda a ke yi. Mai mota ya matso mai keke har ya kusa tura shi cikin lambatu, ya danna masa hon, kana ya leƙo ta taga ya bi shi da baƙar magana. Shi kuma mai keke ya yi aron hannu, ya kutsa tsakanin motoci ba ƙararrawa ba birki, in an yi masa magana ya ce ai titin ba na uban kowa ba ne. Kowannensu ya koma gida yana ganin shi aka zalunta.

Dattawa za su tuna cewa ba haka keke ya ke a da ba. A zamanin En'e, malamin makaranta da malamin asibiti da babban ɗan kasuwa duk keke su ke hawa, wanda kuwa ya mallaki sabon Raleigh, mutum ne a unguwarsu. Da kuɗin mai suka shigo cikin shekarun 1970, motoci da babura suka yawaita, sai keke ya koma abin hawan talaka da ɗan makaranta, darajar mahayinsa kuma ta faɗi tare da shi. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, shi da kansa ya hau a Abuja, har wata bas ta banke shi ya faɗa rami. To, in haka ta sami minista, ina ga mai tallan burodi? Ga shi kuwa tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, magidanta da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon kekensu. Saboda haka tambayar ta zama tilas: wa ke da hanya, kuma in an haɗu a kanta, wa ya kamata ya kauce wa wani?

Amsar farko ba ta da wuya. A wurin malaman fiƙihu, hanyar da jama'a ke bi dukiya ce ta tarayya, ba wanda ya mallake ta shi kaɗai, ba kuma wanda ya isa ya hana wani amfani da ita. Mai ƙafa da mai jaki da mai amalanke da mai tirela, duk haƙƙinsu na wucewa ɗaya ne. Sai dai malaman sun gindaya sharaɗi guda, shi ne kowa ya wuce bisa hanyar da sauran mutane za su kuɓuta daga cutarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa wa sahabbai haƙƙoƙin hanya sa'ad da suka ce ba su da makawa sai sun zauna a gefenta, a cikinsu kuwa har da kame cuta daga mutane. In an ɗora wa wanda ke zaune kurum wannan nauyi, lalle wanda ke tafe da ƙarfe mai gudu ya fi shi cancantar ɗauka.

A nan ne maganar ta ke da zurfi. Haƙƙin wucewa ɗaya ne, amma nauyin da ke kan kowa ya bambanta, domin cutar da kowa zai iya yi ta bambanta. Ƙaramar mota ta kan kai nauyin kilo 1,000 ko fiye, alhali mai keke da kekensa da ƙyar su kai kilo 100. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa ta kan cinye kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin direba ya ɗauke ido daga wayarsa ya riga ya wuce tsawon gida guda. Masana sun tabbatar kuma in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun da tazarar da birki ke bukata su kan ninka sau huɗu. In mai keke ya yi kuskure ya bugi mota, abin da za a rasa fenti ne ko madubi. In mai mota ya yi irin wannan kuskure, sai a nemi likkafani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, watau waɗanda ba su da ƙarfen da zai kare jikinsu.

Shari'a ba ta jira zuwan mota ba kafin ta lura da wannan bambanci. Ya zo a hadisin Abu Huraira cewa mahayi shi zai fara yi wa mai tafiya a ƙafa sallama, mai tafiya kuma shi zai fara yi wa na zaune. Masu sharhin hadisi suka ce hikimar haka ita ce kada hawan ya sa wa mahayi girman kai, sai aka umurce shi ya fara ƙasƙantar da kansa. Sallama kuwa alkawarin aminci ce, wanda a ke tsoro shi ya dace ya fara ba da ita. Har ila yau Abu Musal Ash'ari ya ruwaito umurnin Annabi ga wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau, cewa ya riƙe tsininsu da hannunsa don kada ya soki wani. Ku lura da kyau, jama'a: ba a ce mutanen kasuwa su dare su ba mai kibau wuri ba. Shi wanda ya shigo da abin cutarwa cikin taro, shi aka ɗora wa tsaronsa. Mota a cikin gari ita ce kibiyar zamaninmu, birki da natsuwa su ne riƙe tsininta.

Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidil Ƙairawani, wadda a ke biyawa a zaurukanmu, ya san hukuncin mahayin dabba da mai janta da mai korarta: dukkansu suna lamunin abin da dabbar ta taka. In haka ne ga doki, wanda ke da rai da halinsa, har ya kan yi tutsu, yaya motar da ba ta motsi sai da ƙafar direba? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a kan wannan batu a taronta na takwas a ƙasar Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi, sai fa in abu ne da ya fi ƙarfinsa, ko kuwa aikin wanda aka buge shi ne ya haddasa haɗarin. In kuma laifin na tarayya ne, kowa ya ɗauki gwargwadon nasa. Kisan kuskure kuwa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 92, yana wajabta diyya ga iyalan mamaci da kaffara, wadda a yau ta ke azumin wata biyu a jere. Direbobi nawa ne suka buge mai keke, aka ce ƙaddara ce, aka yafe diyya, suka ɗauka magana ta ƙare? Iyalai suna iya yafe haƙƙinsu, amma kaffara haƙƙin Allah ce, tana nan a wuya. Wanda kuwa ya buge mutum ya gudu ya bar shi cikin jini, ya haɗa laifi biyu.

To, mai mota yana da hujjojinsa, adalci ne kuma a saurare su. Ta farko ya ce shi ke biyan lasin da kuɗin lamba da inshora, mai keke ba ya biyan ko kwabo. Amsa ita ce da dukiyar baitulmali aka shimfiɗa kwaltar nan, wadda mai keke ke da rabo a cikinta daidai da na kowa, kuma tayarsa ba ta taɓa fasa titi ba. Lasin izini ne aka ba ka na shigo da abu mai haɗari cikin jama'a bisa sharuɗɗa, ba takardar sayen fili ba ce. Hujja ta biyu ya ce mai keke yana ɓata masa lokaci. Sai mu tambaye shi, nawa ne lokacin? Rabin minti ne, ko minti guda, kafin hanya ta buɗe ya wuce shi da tazara. Ranar da Annabi ya sauko daga Arfa, ya ji mutane a bayansa suna dukan raƙuma suna tsananta musu, sai ya yi musu nuni da bulalarsa, ya umurce su da natsuwa, ya sanar da su cewa aikin alheri ba a gaggawa ya ke ba. In gaggawar zuwa Muzdalifa ba ta zama uzuri ba, gaggawar zuwa ofis ko ɗaurin aure ba za ta zama ba. Hausawa ma sun ce sauri ya haifi nawa.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi, watau masu keke da yawa ba su bin doka. Wannan gaskiya ce, kada kuma mai keke ya karanta abin da ya gabata ya zaci an wanke shi. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972 ƙasar nan ta koma bin hannun dama, dokar kuwa ba ta ware keke ba. Amma sai ka ga mutum ya yi aron hannu da magariba, cikin baƙar riga, ba fitila a gaba, ba ja a baya, ya ɗaura ƙatako a kariya ya tare rabin titi, ko ya ƙetare danja tana ja. Ranka amana ne a hannunka, ya ɗan'uwa mai keke, ba ka da izinin jefa shi cikin halaka don ka taƙaita hanya. Bayan wannan kuma kana zaluntar direban da ya natsu, domin kana neman rataya masa jini da baƙin cikin da ba zai rabu da shi ba har ya mutu. Sa'an nan ka tuna gaba da gabanta. Kai da ka ke kuka da mai mota, da zarar ka shiga lungu ko bakin kasuwa kai ne mai ƙarfi a kan makaho da tsohuwa da yaro mai talla, duk abin da ka ke nema daga direba, su ma suna nemansa daga gare ka. Amma laifin mai keke, kome girmansa, bai ba direba ikon hukunta shi da mota ba. Wanda ya karkato sitiyari don ya tsorata mai keke, ya bar babin kuskure ya doshi babin ganganci.

Akwai kuma na uku a cikin rigimar, shi ne hukuma. Ya zo a hadisi ingantacce cewa in mutane sun yi saɓani a kan faɗin hanya, a sanya ta kamu bakwai, malamai suka ce domin dabba mai kaya mai shiga da mai fita su wuce juna ba takura. Ashe tsara hanya don kowa ya sami wurinsa aiki ne na shugabanni tun asali. Yawancin titunanmu an zana su ne da mota kaɗai a zuciya. Ɗan gefen da ya saura wa mai keke kuwa, mai shago ya kafa rumfa a kai, mai gini ya zube yashi da tsakuwa, mai mota ya ajiye motarsa ya shige gida. Dole mai keke ya fito tsakiya, daga nan rigima ta tashi. Waɗanda suka tare gefen hanya suna da kaso a cikin jinin da ya zuba, ko ba su nan aka yi haɗarin. A ƙasar Holan fiye da mutum 3,000 suka mutu a hanya a shekarar 1971, sama da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka tashi tsaye, hukuma ta shiga ware wa kekuna hanyarsu dabam, har ƙasar ta zama abin misali. A Ingila kuma, cikin Janairun 2022, an gyara ƙa'idojin hanya aka rubuta ƙarara cewa wanda abin hawansa ya fi iya ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyi, kuma direba ya bar wa mai keke tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce shi. Abin da suka kai gare shi bayan asarar rayuka, yana cikin littattafan da ke kan kantocinmu. Muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da gwamnatocin jihohi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, su sa mai keke cikin lissafi, limamai kuma su riƙa taɓo haƙƙin hanya a huɗubar Jumma'a.

A ƙarshe, ya mai mota, mutumin nan da ke taka feda a gabanka cikin rana, wataƙila limamin da za ka bi salla ne, ko malamin ɗanka, ko magidanci da iyali ke jiran cefanen da ya rataya. Ka sassauta, ka ba shi tazara, ka duba madubi kafin ka buɗe ƙofa. Babba juji ne, ƙarfin da aka ba ka kuwa za a tambaye ka yadda ka yi da shi. Kai kuma mai keke, ka gyara birkinka, ka sa fitila, ka tsaya a hannunka, ka miƙa hannu kafin ka juya. Kawar da cuta daga hanya reshe ne daga rassan imani, mafi ƙarancin abin da a ke nema ga Musulmi kuwa shi ne kada ya zama shi ne cutar da a ke son kawarwa.

Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kansu, Ya ba mu ikon tsare haƙƙin juna. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.