Haƙƙin Dabba Kafin Ta Iso Ga Wuƙa



Idan ɗayanmu ya je sayen kaza a Kasuwar Kure, tambayarsa biyu ce: nawa ce, kuma wa zai yanka? Da an yi bismillah, hankalinsa ya kwanta. To amma yanka minti ɗaya ne. Rayuwar da dabbar ta yi kafin nan fa, ba ruwanmu da ita?

Kazar gidan gona mako 6 zuwa 8 ake kai ta kasuwa, alhali ta Hausa sai ta yi wajen wata 6 tana tono a tsakar gida. Irin nan an samar da shi ne don ya tara tsoka da wuri, har wasu ƙafafunsu ba sa ɗaukarsu. Masu ƙwai kuwa, a gonaki da yawa a keji suke, ko fiffike ba sa iya miƙewa. Tarayyar Turai ta hana irin wannan matsattsen keji tun 2012.

Ganin haka ne wasu a Turai da Amurka suka daina cin nama, ƙwai da madara gaba ɗaya. Kukan da suke yi kan azabtar da dabba gaskiya ne. Inda muka rabu da su shi ne, Allah ya halatta mana nama, har ya shar'anta layya. Wanda ya ƙi ci don ra'ayinsa, ba dole, amma ba shi da ikon haramta wa wani. Kuma mu yi adalci, gonakin nan ne suka sa ƙwai ya wadata a gidan talaka.

Sai dai kar mu ce kiwonmu na gargajiya ba shi da laifi. Wa bai ga kaji a ɗaure, kai ƙasa, a bayan babur da tsakar rana ba? Ko shanu cunkushe a tirela, hanyar Mokwa da Jebba zuwa Legas, ba ruwa ba ciyawa? Wannan ba Bature ya kawo mana ba.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta, wani kuma aka gafarta masa don ya shayar da kare. A cikin Abu Dawud, Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai raƙumi faɗa saboda yunwa da wahalar da yake ba shi. Kenan naman na iya zama halal, mai shi kuma ya kwashi zunubi.

Don haka, Alhaji mai gona, rage cunkoso ko da riba ta ɗan ragu. Dillali da direba, a ba dabba ruwa da inuwa. Mahauci, wasa wuƙa, amma ba a gabanta ba. Iyaye mata, kar kaza ta kwana a ɗaure. Dabba ba ta da bakin kai ƙara a nan, amma akwai ranar hisabi.

Allah ya sa mu dace, amin.

Sakataren Masallaci, Tudun Wada, Minna