Kwafi Na Farko Na Wa Ne?

Na taɓa yini a wani shagon wanke hoto a Kaduna, ina kallon wani abokina yana shirya aikin da zai aika Legas. Hotuna shida ne, duka daga Birnin Gwari. Ya ɗauko su ne bayan an sake buɗe kasuwar kara a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnatin jiha ta yi sulhu da 'yan bindiga. Biyar na daji ne da hanya da shanu. Na shidan wata tsohuwa ce zaune bakin rumfa da ƙwaryar nono a gabanta, tana duban wani abu da bai shigo cikin hoton ba.

Wannan ba irin wankin hoton biki ba ne. Takardar ta auduga ce, mai kauri, ba ta sheƙi. In hoto ya fito daga inji, sai a bar shi ya kwana yana shan iska. Ba a taɓa shi sai da farar safar hannu, don maiƙon yatsa kan bar tabo. Akwai kwalin musamman da ake ɗora shi a kai, wanda ba ya sa gefen takarda ya rine bayan shekaru, sannan a yanka wani kamar taga a kifa a sama don kada gilashi ya manne da hoton. Daga ƙarshe abokina ya ɗauki fensir, ya sa hannu a ƙasa, ya rubuta 1/20: alkawari ke nan cewa ashirin kaɗai za a buga.

Ina kallon yadda yake lallaɓa takardar nan kamar jinjiri, sai na ce, "Malam, yaya sunan Innar nan?" Ya yi shiru. Bai tambaye ta ba.

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Shi ya bi hanyar Buruku da Udawa da ransa a hannu. Shi ya sayi takarda da tawada da kuɗinsa, kuma doka ta ba mai ɗaukar hoto haƙƙin abin da ya ɗauka. Ya kuma faɗi abin da na yarda da shi: dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 ya zama gandun ƙasa a 1999, yana da Dogon Ruwa da Goron Dutse, amma yau in an ambace shi ba abin da ke zuwa ran mutane sai garkuwa da kuɗin fansa. Wanda ya nuna kyansa ya yi wa ƙasar hidima. A kan hotuna biyar, ba ni da ja.

Na shidan ne ya tsaya mini. Mai tallan nono ba kasuwar da babu ita daga Kano har Maraɗi. Abin da mai saye a Legas zai biya kuɗinsa shi ne kalmomi biyun da ke ƙarƙashin hoton: Birnin Gwari. Sunan na ɗauke da kisan Gwaska na watan Mayun 2018, da gonakin da aka bari, da motocin da aka tare. Wato abin da ya ɗaga farashin, wahalar da matar ta sha ne. Ita ta zuba jarin, ba ta san an buɗe shago ba.

Abin ba sabo ba ne. A Bamako, mutane sun riƙa biyan Seydou Keïta ya ɗauke su hoto don ajiyar gida. Bayan shekaru masu yawa aka buga fuskokinsu manya-manya, ana sayarwa a Faris da New York, galibi ba suna. A Amurka ma, Florence Thompson, wadda Dorothea Lange ta ɗauka a 1936 tare da 'ya'yanta cikin talauci, ta koka daga baya cewa hoton bai kawo mata ko sisi ba.

Abokina ya ce ai rashin sunan kariya ce gare ta. Akwai gaskiya a nan, domin a yankin da ake zargin maƙwabci da kai rahoto, fuska da suna da sunan ƙauye na iya jawo wa mutum abin da bai nema ba, daga ɗaya ɓangaren ko ɗayan. Sai dai ɓoye sunan da ka sani daban, rashin tambaya daban. Na farko riƙon amana ne. Na biyu kuwa, ka ɗauke ta ne yadda ka ɗauki bishiyar kuka da ke bayanta. Kuma in suna na da hatsari, fuskar fa, wadda za ta hau intanet ranar buɗe baje koli?

Da muna yara, mai hoto kan zo ranar salla, ya ɗauka, ya dawo da abinka bayan mako. Hoton na wanda ke ciki ne. Shi ya sa na ce masa kwafin da ya rubuta wa 1/20 nata ne: ya kai mata, ta ga kanta, ta ji inda za a rataye ta da nawa za a biya, su yi magana kan rabonta. Ya ce, "To in ta ce a'a? Sha tara sun tafi ke nan." Na ce haka ne.

Da la'asar ya shimfiɗa farar takarda tsakanin hotuna biyar ɗin, ya sa musu kariya a kusurwa, ya ɗaure kwali, ya kai tasha. Na shidan ya sa shi a ambulan ya ɗora kan kanta. Makon jiya na leƙa shagon, yana nan, ƙura ta fara hawa. Ya ce yana jiran ya ji yadda hanya take.