Nuhu Bai Yi Gaggawar Fita Ba

Ku karanta Farawa sura 8.

Ya ku 'yan'uwa cikin Ubangiji, maganata a wannan wata zuwa gare ku ce, ku masu kanti da masu tebur a kasuwa, da teloli, da masu aski, da masu sayar da abinci.

Sa'ad da ruwan tufana ya fara janyewa, Nuhu bai buɗe ƙofar jirgi nan da nan ba. Ya aiki hankaka, ya kuma aiki kurciya har sau uku. Ko da ta kawo masa ganyen zaitun, sai da ya ƙara kwana bakwai. Ran ɗaya ga wata na fari ya duba ya ga fuskar ƙasa ta tsane, duk da haka ya dakata kusan wata biyu, har Allah ya ce ya fito. Ya san ba ransa kaɗai ke cikin jirgin ba.

Mu ma mun ga namu ruwan tufana. An sami mutum na fari mai cutar korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ran 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, a watan Afrilu kuwa aka kulle Kano. Ciniki ya tsaya, yunwa ta shiga gidaje. Ran 4 ga Mayu gwamnati ta fara sassautawa, bisa sharaɗin a sa takunkumi, a wanke hannu, a bar tazara. Me ya faru? Ran nan mutane suka yi cincirindo a ƙofofin bankuna. Kafin 'yan watanni takunkumi ya koma haɓa, bokitin ƙofar kanti ya bushe. A watan Disamba cutar ta komo, a Janairu 2021 kuma waɗanda a ke samu da ita kowace rana suka fi na karon fari yawa. Mun ga ganyen zaitun, muka fito da gudu.

Wani zai ce, "Ai wannan ya wuce." Gaskiya ne, ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Mun gode wa Allah. Amma ba ta ce cutar ta ƙare ba. Ga shi kuma amai da gudawa ya kashe mutane da yawa a ƙasarmu a 2021, mashaƙo kuwa ya ɗauke yara a Kano a 2023. Ɗaya ta hannu da ruwa mai ƙazanta ta ke bi, ɗaya ta tari da atishawa. Hanyoyin nan duka suna ratsa ta ƙofar kantinka.

Cikin Kubawar Shari'a 22:8 an umurci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Mai gida ya san bakin soronsa. Domin baƙo a ke yin rawanin. Haka kantinka ya ke. Tsohuwar da ta zo sayen gishiri, da mace mai ciki, da mai ciwon sukari, ba ka san ƙarfin jikinsu ba.

Me za ka yi fa? Ka mai da bokiti da sabulu bakin ƙofa, ka riƙa sake ruwan. Ka buɗe taga iska ta shiga. In mura ta kama ka, sa takunkumi kafin ka tsaya gaban masu saye. Mai aski ya tsabtace kayan aikinsa bayan kowane kai. In yaron kantinka yana zazzaɓi, ka sallame shi ya tafi asibiti, kada kuwa ka yanke masa ladan ranar, gama tsoron rasa lada shi ya kan sa yaro ya ɓoye ciwo. Lalle sabulu kuɗi ne, amma ku da kuka ga kwanakin kulle kun san rigakafi ya fi magani.

Wanda ya wanke hannu domin tsoron 'yan sanda, ranar da suka tafi ya daina. Mai bi kuwa domin ƙaunar maƙwabci ya ke yi, wannan doka kuma ba gwamnatin da za ta sassauta ta.

Ubangiji ya ba mu haƙurin Nuhu, ya sa albarka cikin cinikinku. Amin.