Idan Takarda Ta Yi Shiru, Tabo Kuwa Ya Yi Magana

A wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta taso daga ƙasar Amurka, wadda ke da darasi ga duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ofis ko aka taɓa kiransa shaida. Ga yadda take. Tsohon soja ne, an harbe shi a fagen fama yana saurayi, ya warke, aka sallame shi ya koma gida. Bayan shekara talatin ko arba'in sai ya duba takardar sallamarsa, ya tarar ba a ambaci raunin ba ko da kalma guda. Tabon yana nan a cinyarsa, yana tashi duk lokacin sanyi, amma a littafin gwamnati bai taɓa zubar da jini ba. To, wajibi ne a buɗe fayil a gyara, ko kuwa abin da ya wuce ya wuce? In kuma za a gyara, da wace hujja?

Bari mu fara da asalin abin. Amurkawa suna da wata lambar yabo da suke kira Purple Heart, watau zuciya mai launin shunayya, wadda ake bai wa sojan da abokan gaba suka ji wa rauni, ko iyalin wanda suka kashe. Tushenta yana komawa ga wata alama da Janar George Washington ya ƙago a 1782, aka farfaɗo da ita ran 22 ga Fabrairu, 1932, ranar da ya cika shekara 200 da haihuwa. Mai wannan lamba yana samun fifiko a asibitocin tsofaffin sojoji, ban da girman da take jawo masa. Sharuɗɗanta uku ne: raunin ya zo daga abokan gaba, ya kai a ce sai likita ya duba shi, kuma a rubuta wannan jiyya a takardun hukuma.

Sharaɗi na ukun nan shi ne inda gizo ke saƙar. Yaƙi ba ya jiran akawu. Sau da yawa a cikin rami ake ɗaure wa soja rauni, harsashi na wucewa ta bisa kai, ya tashi ya koma bakin daga, wanda ya ɗaure masa kuma wataƙila bai ga wayewar gari ba. Wanda aka rubuta nasa ma bai tsira ba. Ran 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a babban ɗakin ajiyar takardun sojoji da ke birnin St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, waɗanda ba su da kwafi a ko'ina. Wajen kashi 80 cikin 100 na fayilolin sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960 suka zama toka.

Tun 1946 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar da ta kafa kwamitocin fararen hula a rundunonin soja, aikinsu shi ne gyara kuskure ko zalunci a takardun aiki. Ana so mai kuka ya kai kukansa cikin shekara uku daga ranar da ya gano kuskuren, amma kwamiti na iya yafe wannan wa'adi idan adalci ya nemi haka. Suna farawa da ɗaukar cewa abin da ke rubuce daidai ne, nauyin kawo hujja kuwa yana wuyan mai kuka: takardun asibiti, rahoton safiya na rundunarsa, da bayanin rantsuwa daga waɗanda suka gani da idonsu.

Masu cewa a bar fayil yadda yake suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu kunnen ƙashi ba. Sun ce tunanin ɗan Adam yana dushewa, abin da tsoho ya daɗe yana faɗi yakan zama masa gaskiya ko da ba haka ya faru ba. Sun ce tabo ba ya faɗin wanda ya yi shi: na harsashin maƙiyi da na faɗuwa daga mota suna iya kama da juna. Sun ce kuma maƙaryata suna nan. Da'awar lambar yabo ta ƙarya ta yawaita a Amurka har aka yi mata doka, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 2012 saboda 'yancin magana, aka sake wata a 2013 wadda ta haramta yin wannan ƙarya don neman abin duniya. Duk lambar da aka rataya wa maƙaryaci an rage darajar ta mai gaskiya ne. A nan shari'armu ta yarda da su, domin ƙa'ida ce sananniya cewa kawo hujja yana kan mai da'awa. Da ana bai wa kowa abin da bakinsa ya faɗa, da ba wanda zai kwana da haƙƙinsa.

Sai dai akwai inda suka yi tuntuɓe. Sun ɗauki takarda a matsayin alƙali, alhali ita shaida ce daga cikin shaidu, wadda wani mutum mai gajiya da mantuwa ya rubuta. Shaidar da ya ce "ban gani ba" dabam yake da wanda ya ce "na gani, bai faru ba". Fayil ɗin da bai ambaci rauni ba shaida ne na farko, bai ƙaryata kowa ba, shiru kawai ya yi. Malamanmu suna da ƙa'ida cewa ana gabatar da maganar mai tabbatarwa a kan ta mai korewa, domin yana da ƙarin sani wanda ɗayan ba shi da shi. Saboda haka idan amintattu biyu suka rantse cewa a gabansu aka harbi mutumin nan, ga kuma tabo a inda suka ce, ga rahoton runduna ya nuna an gwabza a wannan rana, shirun takarda ba ya rinjayar maganarsu. Fayil ɗin da wuta ta cinye kuwa, ta yaya za a kafa hujja da shi a kan mutum, alhali ajiyar tana hannun hukuma lokacin da ta ƙone?

Rajistar sojoji ba baƙon abu ba ce a tarihinmu. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa da rabon kowa, don kada haƙƙin wani ya salwanta. Shi ne kuma ya gargaɗi alƙalinsa Abu Musa Al-Ash'ari a wasiƙarsa ta shari'a da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Mutum ɗaya ya kafa littafi, ya kuma koyar da gyara, domin an yi littafin ne don tsare haƙƙi. Ranar da aka mai da shi abin danne haƙƙi, an juya shi ga kishiyar abin da aka yi shi dominsa.

Ga misali biyu. Henry Johnson baƙar fata ne, soja a runduna ta 369 daga New York, wadda aka miƙa wa Faransawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya a zamanin da ake ware baƙi da farare a sojan Amurka. Wani dare a watan Mayu na 1918 Jamusawa suka kai musu farmaki a bakin dajin Argonne, ya yi ta fafatawa da su har ya hana su tafiya da abokinsa Needham Roberts, jikinsa duk raunuka. Faransa ta ba shi lambarta ta jarumta. Ya rasu a 1929, ƙasarsa ba ta ba shi lambar rauni ba sai 1996, lambar jarumta mafi girma kuwa sai 2015. An gyara, amma mai haƙƙin ya shekara 67 a kabari kafin gyaran farko.

Na biyu na kusa ne. Ran 8 ga Janairu, 2020, Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ainul Asad a Iraƙi. Da fari aka ba da sanarwa cewa ba sojan Amurka da ya ji rauni. Daga baya likitoci suka gano fiye da mutum 100 sun sami girgizar ƙwaƙwalwa, raunin da ba jini ba tabo. An ba 29 lambar a 2020, aka ƙara wa 39 a watan Disamba na 2021 bayan an sake duba takardunsu. Da an tsaya a kan sanarwar farko, da ƙaryar ta zauna a littafi.

Wani zai ce, mene ne namu a ciki, alhali wasu yaƙe-yaƙen nan ba mu ga adalci a cikinsu ba? Amsa ita ce, adalcin yaƙi tambaya ce da za a yi wa waɗanda suka ƙulla shi, gaskiyar rauni kuwa tambaya ce dabam. Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci. Wanda ya yarda a ɓoye gaskiya don ba ya son mai ita, ya buɗe ƙofar da za a bi a ɓoye tasa.

Nauyin ya hau kan mutum uku. Na farko mai alƙalami, akawu ko likita ko shugaba. Layi ɗaya da ya ƙi rubutawa saboda gajiya yana iya zama wahalar shekara arba'in ga wani, in kuma aka nuna masa kuskuren ofishinsa, kada kare sunan ofis ya fi masa haƙƙin bawan Allah. Na biyu shaida. Ƙarshen Suratul Baƙara ya yi hani ga ɓoye shaida, ya kuma danganta zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Tsohon da ya ga an harbi abokinsa kada ya jira sai an neme shi, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu tun yana da rai, domin kowane shaida da ya mutu hujja ce ta shiga ƙasa. Na uku mai kukan kansa. Neman haƙƙi ba riya ba ce, kuma ba abin kunya ba ne, amma ya faɗi iyakar abin da ya faru. Kada ya mai da ƙujewa karaya, kada ya roƙi aboki ya shaidi abin da bai gani ba, don shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce a gyara, komai daɗewa, amma da hujja. Haƙƙi ba ya tsufa, shaidu ne ke tsufa, shi ya sa jinkirin hukuma a irin wannan shari'a shi kansa zalunci ne. Allah Ya sa mu zama masu rubuta gaskiya da faɗinta, Ya kuma sauƙaƙa mana ranar da za a buɗe littafin da ba ya mantuwa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.